Waƙa Daga Rufaffen Baki

Kada ka ce ba ka sani ba. Ka sani sarai. Sau nawa ka bi ta bayan makarantar firamaren unguwarku bayan an tashi, ka jiyo wasu yara suna dukan ganga mai faci, suna jan waƙa ɗaya kamar masu tura motar da ta maƙale, ka yi tsaki ka ce ana damun mutane? Ranar da ka bi ka ji shiru, daɗi ka ji. Ba ka tambayi kowa ina yaran suka shiga ba. Ka kau da kai ka yi gaba, yadda ka saba. To yau sai ka tsaya ka ji abin da ya faru a ɗakin da ke saman wani shagon littattafai, ranar da aka tara marubuta waƙa uku don a ceci ajin kiɗan wata makaranta irin taku.

Auta ne mai kula da sauti a ranar. Tun rana tana tsaka yake durƙushe yana manne wayoyi a ƙasa don kada wani ya yi tuntuɓe. Ɗakin ƙarami ne, kujerun ma aro aka yi, wasu na roba, wasu na katako, babu biyu masu kama da juna. A gaba an kafa ɗan dandamali da dogayen kujeru uku. Irin wannan taro ba a zuwa da makaɗa, ba a zuwa da 'yan rawa. Mawaƙi ya zauna da jitarsa, ya ba da labarin yadda waƙar ta zo masa, ya rera, ya miƙa wa na kusa da shi. A ƙarshe kuma yaran ajin kiɗa za su hau su yi waƙa ɗaya tare da babban baƙo.

Malamar ajin yayar Auta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Hukumar makarantar ta sa ido a kan ɗakin da take koyarwa, ana so a mai da shi ma'ajiyar karyayyun tebura da katan-katan na tsofaffin takardun jarrabawa. Idan ɗakin ya tafi, ajin ya tafi. Da kyar aka samu Shugabar hukumar ta yarda za ta zo, kuma abin da kunnenta ya ji yau shi za ta kai zaman da za a yanke hukunci. Kowa ya san duk kujerun ɗakin nan ado ne, ɗaya ce ta gaskiya, wadda aka ajiye mata a sahun gaba.

Abin da Yaya ba ta sani ba yana cikin kwamfutar Auta.

Makon da ya wuce babban baƙon, wanda yaransa ke kira Maigida, ya je makarantar ya saurari gwajin yaran. Ya yi murmushi, ya shafa kawunansu, aka ɗauki hoto. Suna fita ƙofa ya kama Auta a kafaɗa.

"Ka ji abin da na ji?"

"Yara ne, Maigida."

"Yara ne, amma sunana ne a jikin takardar gayyata. Rabinsu suna gabas, rabi suna yamma. Waccan ƙaramar mai baitin tsakiya kuwa, muryarta kamar ƙofar da ta shekara ba ta ga mai ba. Idan matar nan ta ji wannan, ɗakin ya tafi. Taimakon yayarka nake so mu yi."

Abin takaicin shi ne Auta ya yarda da shi. Kunnensa na mai sauti ne, murya in ta kauce ko da kaɗan ne sai ya ji kamar an ja ƙusa a kan kwano. Ya kira mata uku manya masu yi wa Maigida amshi a sitidiyo, suka rera waƙar yaran. Ya ɗaga muryoyinsu ya sirantar da su, ya ninka su har suka zama kamar aji guda. Ya sa numfashi, ya sa ɗan tari a wani wuri, har ɗan kuskure ya dasa da gangan don abin ya yi kama da gaske. Ya narkar da muryoyin da kiɗan piyano wuri ɗaya. Da ya gama ya saurara, sai da ya jinjina wa kansa. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

"Ka jera musu makirufo huɗu, ka bar su a kashe," in ji Maigida. "Su yi ta rerawa, ba wanda ya hana su. Kai dai ka danne su da namu. Idan aka fara, Malama ba ta da yadda za ta yi, daga baya ma ita za ta gode mana. Sannan ka shirya jakarka. Tafiyar da zan yi wata mai zuwa, kai ne mai sautina."

Shekarun Auta nawa yana ɗaukar lasifika a ka daga wannan taro zuwa wancan, yana jiran wani ya faɗa masa wannan magana.

Da la'asar ya ji matakala ta ɗauki ƙarar ƙafafu. Yaya ce a gaba, rungume da gangar ajin, yaran suna biye da ita cikin kayan makaranta da aka goge har suna ƙyalli.

"Auta, an ce ka zama babban mutum. Ga shi har da abin kunne kamar matuƙin jirgi."

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Ka ci abinci kuwa? Fuskarka kamar wanda aka kama da satar nama a tukunya."

"Aiki ne ya yi yawa."

"To buɗe mana abubuwan nan mu gwada, kafin mutane su cika."

Ya buɗe makirufo huɗun. Don gwaji ba laifi. Ya saka musu kiɗan piyano zalla, wanda Yaya ta san da shi, tunda na makarantar rabin haƙoransa sun mutu. Ƙaramar cikinsu, wadda 'yan ajin ke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta, ta matso ta hura makirufon. Iskar bakinta ta fito ta lasifika kamar guguwa. Ta yi tsalle baya, sannan ta dawo ta ce, "Malama," a hankali. Ɗakin gaba ɗaya ya ce Malama. Yarinyar ta rufe baki da hannu biyu tana dariya, tana waige-waigen inda muryarta ta tafi.

Suka fara. Waƙar ta yaran ce, su suka haɗa kalmominta a aji, kowa ya kawo layinsa.

"Buɗe ƙofa, gari ya waye,
mu ma mun zo, mu ma mun zo."

Da aka zo baitin Ɗigo, ta tsaya kallon fitila ta manta ta shiga. Ba wanda ya harare ta, ba wanda ya tsaya. Sauran suka juya suka sake ɗauko amshin daga farko, ganga tana tafiya, har ta farga ta kama. Auta ya mayar da kiɗan baya ya bi su.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Haka muke yi a ajina. In ɗaya ya makara, sai mu zagayo mu ɗauke shi. Ko sau goma ne. Kai ma in ta makara anjima, ka jira mu, kada ka tsere da kiɗanka."

"To, Yaya."

Ta bayan kanta ya hango Maigida yana gyara igiyar jita. Maigida ya ɗaga masa gira. Yaran suna sauka Auta ya danna maɓallai huɗu. Jajayen fitilu huɗu suka kama a kan na'urar haɗa sautin.

Mutane suka fara shigowa. Masu turare, masu manyan agoguna, masu ɗaga waya suna ɗaukar kansu hoto a gaban takardar da aka rubuta cewa kiɗa haƙƙin kowane yaro ne. Ka san irinsu. Wataƙila kana cikinsu. Shugabar ta iso ba tare da rakiya ba, mace doguwa mai tabarau, ta zauna ta ɗora jakarta a cinya, ba ta yi wa kowa murmushi ba.

Cikin mawaƙan uku akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Goggo, wadda ta yi tashe tun kafin a haifi Auta. Ta biyo ta teburinsa neman ruwa, ta tsaya tana kurɓa tana kallon na'urar.

"Ɗan nan, waɗannan jajayen idanu huɗu fa?"

"Na yara ne, Goggo. Sai lokacinsu ya yi zan buɗe."

"Uhm. Ni ban yi boko ba, amma na tsufa ina kallon teburin nan. Ja dai kashe ne." Ta ajiye kofin. "Allah ya kawo lokacin."

Ta wuce tana jan ƙafa.

Aka fara. Wani saurayi mai gemu ya yi waƙar budurwar da ta guje shi, aka tafa masa don tausayi. Goggo ta ba da labarin waƙar da ta rubuta a layin asibiti tana jiran likita, ta ce likitan bai zo ba amma waƙar ta zo, aka yi dariya. Muryarta ta dushe, tana karyewa a sama, amma ɗakin ya yi tsit har ta gama. Sai Maigida ya karɓa. Wannan kam ya iya bakinsa. Ya matso da makirufo kamar zai yi wa kowa raɗa.

"Abin da ya sa nake son irin wannan zama," in ji shi, "a nan babu sitidiyo, babu gyara, babu ɓoye-ɓoye. Murya ce da jita. Abin da kuka ji, shi ne akwai."

Aka tafa. Goggo ta sunkuya kan nata makirufon.

"Ni dai tawa ta tsufa, amma tawa ce."

Aka sake fashewa da dariya, Maigida ma ya yi, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Ana cikin zagaye na biyu wata mata ta shigo tana haki, da rigar aikin masu shara a jikinta, ta lulluɓe ta da mayafi. Babu kujera. Ta raɓo ta tsaya kusa da teburin Auta, a can baya.

"Malam, sannu da aiki. Yaran sun yi?"

"Ba su yi ba tukuna."

"Alhamdulillahi. Da kyar aka sake ni." Ta goge gumi. "Daga nan zan ji ta kuwa? 'Yata ce ƙaramar. Muryarta ba ta da ƙarfi, ko a gida sai na ce ta maimaita. Wata guda ke nan ba ta bar mu mun yi barci ba da baitin nan."

Auta ya kalli jajayen fitilun. Ya sa hannu ya kare su kamar mai gyara wani abu.

"Za ki ji."

"Allah ya yi maka albarka."

Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi.

Zagaye na uku ya wuce bai san me aka rera ba. Yana ta lissafi a ransa. Waƙar gajeruwa ce. In yarinyar ta shiga a kan lokaci, ba wanda zai gane. Shugaba za ta ji abu mai daɗi, ɗakin ya tsira, Yaya ta yi fushin kwana biyu ta huce. Wa aka cuta? Ya maimaita wa kansa tambayar har ta daina ma'ana.

"Yanzu kuma," in ji Maigida, "ga waɗanda muka taru dominsu."

Yaran suka hau. Ɗakin ya yi wannan sautin da manya ke yi in sun ga yara cikin kaya iri ɗaya, wayoyi suka tashi sama. Yaya ta tsaya a gabansu, ta ba jama'a baya, ta ɗaga hannu. Maigida ya dubi Auta ya gyaɗa kai.

A fuskar kwamfutar waƙoƙi biyu ne a jere, na kiɗa zalla a sama, na Maigida a ƙasa. Yatsansa ya tsaya a tsakani. Ya ji matar da ke gefensa tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Ya danna na ƙasa.

Piyano ya shigo. Yaya ta sauke hannu. Yaran suka buɗe baki, sai ga muryoyi sun zubo daga lasifika, tas, a jere, masu zaƙi kamar an tace su. Wata mata a sahu na biyu ta dafe ƙirji. Wani ya ce, "Kai! Yaran nan!" Maigida yana kaɗa jita yana murmushi.

Auta bai ga wannan duka ba. Bayan Yaya yake kallo. Ya ga kafaɗunta sun ƙage. Hannunta bai daina kaɗawa ba, amma ta juyo da kai a hankali, ta tsallake kawunan mutane, idonta ya sauka a kansa. Tun yana yaro bai taɓa ganin wannan kallo ba. Babu faɗa a cikinsa. Tambaya ce kawai. Sannan ta mayar da fuska wurin yaranta, don ba ta da zaɓi, kamar yadda Maigida ya ce.

Abin da Maigida bai lissafa ba, kuma Auta da duk iliminsa bai lissafa ba, shi ne yaran ma suna da kunne. Sun ji wasu baƙi suna rera waƙarsu, sun fi su iyawa, sun fi su ƙarfi. Mai gangar ya fara dukanta da shakka. 'Yan layin baya suna kallon juna. Ɗigo kuwa ta ɗaga kai tana duban lasifikar da ɗazu ta ce Malama da muryarta. Ta matsa kusa da makirufo ta ƙara ƙarfi. Ba ta ji kanta ba. Ta sake matsawa har leɓenta ya taɓa ƙarfen. Babu ita a ciki.

"Malam," in ji uwar, ba ta ko kalle shi ba. "Ban ji ta ba."

"Baitinta na zuwa."

"A'a. Ko a cikin taro ina gane ta. Ba ta ciki."

Amshin ya zo ƙarshe. Piyano ya yi ɗan hawa, wurin da Ɗigo za ta shiga. Fitila tana kanta, wayoyi duka suna kanta. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, ta datse baki, idanunta sun cika.

Sai murya ta tashi daga lasifika, siririya, mai daɗi, ba ko gargada.

"Takalmin yayata ne a ƙafata,
ya yi min yawa, amma na iso."

Bakin yarinyar a rufe yake. Kowa yana gani.

Sauran yaran kuma suka yi abin da aka koya musu. Ɗaya ta makara, sai suka zagayo. Suka ɗauko amshin daga farko da iya ƙarfinsu, mu ma mun zo, mu ma mun zo, suna karo da baitin da na'ura ke rerawa, ganga tana wani wuri, piyano yana wani. Murmushin matar sahu na biyu ya daskare. Wayoyi suka fara sauka, wasu kuma suka ƙara tashi. Shugaba ta cire tabarau.

Maigida ya juyo yana wa Auta alama da hannu a ɓoye, ƙasa da jita: ƙara, ƙara, danne su. Akwai sauran hanya. In ya tura sautin sama zai binne yaran gaba ɗaya, waƙar ta kai ƙarshe, a ce yarinya ce ta tsorata aka taimaka mata. Mutane suna son a ba su abin da za su yarda da shi. Yatsansa yana kan maɓallin. Tafiyar wata mai zuwa tana kan maɓallin.

"Wace ce wannan?" in ji uwar. "Wa ke yi mata waƙarta?"

Auta ya ja maɓallin ƙasa har ya bugi ƙarshe. Piyano da matan sitidiyo suka mutu a tsakiyar kalma. Ya shafe jajayen fitilu huɗun da tafin hannu ɗaya. Lasifika ta yi wata ƙara mai huda kunne, mutane suka toshe kunnuwa, ya rage ta, sai ga yaran.

Ba su da daɗi. Kada wani ya yi maka ƙarya. Rabinsu suna gabas, rabi suna yamma, gangar tana kukan faci, wani yaro yana ihu ne kawai. Jitar Maigida ta yi shiru. Amshin ya ƙare, Ɗigo ba ta shiga ba. Suka zagayo. Ya sake ƙarewa, ba ta shiga ba. Wani a cikin jama'a ya yi tari, wata kujera ta motsa. Suka sake zagayowa, muryoyin sun fara gajiya, kuma Auta ya gane cewa idan yarinyar nan ba ta buɗe baki ba, haka za su yi ta yi har su faɗi, don ba a koya musu barin kowa ba.

Goggo ta jawo jitarta ta ba su sauti ɗaya, a hankali, ta riƙe musu shi kamar mai riƙe wa yaro keke. Yaya ta durƙusa a gaban Ɗigo. Makirufon a buɗe yake, don haka duk ɗakin ya ji abin da ta ce.

"Sun tafi. Saura ke. Hura ki ji."

Yarinyar ta hura. Guguwa ta fito ta lasifika. Ta ja majina, wannan ma ya fito. Amshin ya zo ƙarshe, ta shiga a makare, ƙasa da inda ya kamata.

"Takalmin yayata ne a ƙafata..."

A wurin hawa muryar ta tsage gida biyu. Ta tsaya, ta haɗiye, ta ƙarasa. Uwar ta kama gefen teburin Auta har na'urar ta girgiza.

"Ita ce," ta ce. "Wannan ita ce."

Da suka gama, tafin ya zo a warwatse, don mutane ba su san ko tafi ya dace ba. Maigida ya yi saurin kama makirufo.

"Ku yi haƙuri, 'yar matsalar na'ura ce. Kun san yaran yanzu da kwamfuta..."

"Muryar wa muka ji da farko?"

Shugaba ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma tashi ba. Maigida ya buɗe baki yana neman abin faɗa. Auta ya ji ƙafafunsa sun miƙe da shi.

"Ranki ya daɗe, mata uku ne manya, a sitidiyo. Ni na haɗa. Malama ba ta sani ba, yaran ma ba su sani ba."

Duk kawunan ɗakin suka juyo baya. Bai ambaci sunan kowa ba, amma Goggo ta juya ta ƙare wa Maigida kallo tun daga hula har takalmi, kuma wannan ya isa.

Shugaba ta miƙe, ta mayar da tabaranta.

"Bari in gaya muku abin da ke raina lokacin da waƙar ta fara. Cewa na yi, yaran da suke rera waƙa kamar rediyo, me za su yi da ɗaki? Ko a gindin bishiya aka ajiye su sun gama koyo. Da ta ƙare yadda ta fara, abin da zan kai wa hukuma ke nan." Ta dubi Yaya. "Yanzu na ji masu bukatar malama, da ɗaki, da sabuwar ganga. Na kuma ga abin da kika koya musu wanda ba waƙa ba. Amma an gayyato ni an yi min wasa da hankali, kuma kafin gobe hoton yarinyar nan da rufaffen baki zai zaga wayoyin 'yan hukuma. Masu son ɗakin sun samu abin faɗa. Ni murya ɗaya ce a cikinsu."

Ta juya ta fuskanci jama'a.

"Za mu zauna ranar Alhamis da safe. Zaman a buɗe yake, kowa na iya shiga ya yi magana. Akwai benci biyu da aka ajiye wa jama'a. Tunda na hau kujerar nan ban taɓa ganin mutum a kansu ba, sai dai masinja ya ɗora fayil. Tafi kun iya. Ku zo ku zauna."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ka so ka ga yadda ɗakin ya koma. Wannan ya tuna Alhamis yana da taro, waccan za ta kai yaro asibiti, wancan ya duƙufa a kan wayarsa kamar an aiko masa da labarin rasuwa. Matakala ta cika da masu sauri.

Maigida ya saka jitarsa a jaka. Da ya zo wucewa ta teburin bai tsaya ba.

"Ka nemi wani ubangidan. Kuma zan tabbatar kowa ya san dalili."

Auta ya ci gaba da naɗe waya a gwiwar hannu. Uwar Ɗigo ta ɗauki 'yarta ta saɓa a kafaɗa kamar jaririya, ta wuce shi ba ta sake yi masa addu'a ba. Yaya ce ta zo ƙarshe, da ganga a hannu.

"Har da tari ka sa musu."

"Yaya, na ɗauka..."

"Na san abin da ka ɗauka. Ka ji su ka ji kunya. Ni kullum da su nake kwana nake tashi, ban taɓa jin kunyarsu ba sai yau, kuma ba su suka jawo ba." Ta gyara riƙon gangar. "Kada ka zo gidana wannan makon. Ranar Alhamis ka zo makaranta. Abin da ka faɗa a nan, ka maimaita shi a gaban hukuma, da bakinka, a tsaye."

"Zan zo."

"Ka sa riga mai kyau. Wataƙila daga ni sai kai."

Ta sauka, yaran suka bi ta, ɗaya yana tambaya ko sun ci ko sun faɗi. Ba ta ba shi amsa ba, don ba ta da ita.

Amsar tana wurinka. Makarantar da ta fi kusa da gidanka tana da hukuma, hukumar tana da ranar zama, kuma a wani zaman ana yanka wani aji a hankali, ba don mugunta ba, don dai babu wanda ya zo ya ce a'a. Ba sai ka iya waƙa ba, ba sai kana da ɗa a can ba. Gobe ka je ofishin shugaban makarantar ka tambayi ranar. Ka ɗauki izini a wurin aiki, ka ja maƙwabcinka. Ka shiga ka ture fayil ɗin da ke kan bencin, ka zauna, in an zo maganar ajin kiɗa ka ɗaga hannu ka miƙe ka yi magana.